Yadda za ka haɗa wa amfilifayarka bolum mai hawa-hawa

Da dare ne bolum ke tona wa kansa asiri. Gida ya yi tsit, yara sun yi barci, kai kuma kana son sauraren karatu ko labaran duniya a hankali. Ka rage murya can ƙasa, sai lasifikar hagu ta ɗauke, ta dama ce kaɗai ke magana. Ka ɗan murɗa sama, ta hagun ta dawo, amma ƙarar ta isa ta farkar da mai barci. Tsakanin waɗannan wurare biyu babu ko faɗin farce, kuma nan ne daidai inda kake so. Na sha fama da wannan a amfilifayar farko da na haɗa. Na zargi lasifika, na zargi wayoyi, ashe ciwon yana cikin ɗan ƙarfen da nake murɗawa.

Idan ka fasa bolum na gama-gari, za ka ga wata siririyar hanya baƙa ta kabon, an lanƙwasa ta kamar zoben da bai haɗu ba, da wani harshen ƙarfe da ke zamewa a kanta. Na sitiriyo hanya biyu gare shi a kan sanda guda, ta hagu da ta dama. Shafa kabon ɗin ake yi, don haka da wuya hanyoyin biyu su zo daidai, musamman can farko inda siginar da ke wucewa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A wurin, bambancin 'yan om kaɗan (om shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda abu ke tare wuta) ya isa ya karkatar da sauti gefe guda. Ga kuma ƙurar hunturu. Ta shige ta kwanta a kan kabon, harshen ya riƙa gurzarta, duk murɗawa sai ka ji ƙarat-ƙarat. A fesa masa mai ya yi shiru na 'yan makonni, ya dawo.

Maganin ba sabo ba ne. Tun kafin zuwan taransisto gidajen rediyo ke amfani da makunnin murɗawa mai ƙafafu da yawa, kowace ƙafa da rizistarta tsayayya, wato ɗan abin da ke rage sigina da turjiyar da ba ta canzawa, kuma kamfanin Daven na Amurka ya yi suna wajen ƙera irinsa. Har yau ɗakunan da ake yi wa faifan sauti gyaran ƙarshe shi suka fi so, domin idan injiniya ya rubuta cewa a hawa na 14 ya yi aiki yau, gobe zai tarar da 14 ɗin yadda ya bar shi. Maimakon harshe ya yi ta zamiya, sai ya riƙa takawa daga ƙafa zuwa ƙafa, ƙas, ƙas, ƙas, kuma kai ne ka zaɓi ƙarar kowane hawa.

Akwai masu cewa yana ƙara wa sauti daɗi. Ni a kan abin da mitar awon wuta ke nunawa nake tsayawa: hagu da dama suna tafiya tare tun daga ƙasa har sama, kuma ƙarar kowane hawa ba ta canzawa. Abin da za ka rasa shi ne tsakani. Idan hawa na 5 ya yi maka ƙasa, na 6 ya yi yawa, babu biyar da rabi. Shi ya sa aikin nan gaba ɗaya ya rataya a kan inda ka ajiye hawan. Makunni mai hawa 12 da aka tsara bisa kunnen mai shi ya fi mai 24 da aka kwafo lissafinsa daga kayan wani.

Fara da auna inda kake saurare

Kada ka cire tsohon bolum ɗin tukuna, shi zai gaya maka abin da za ka gina. Manna farar takarda a jikin akwatin, kewaye da hular murɗawa. Ka yi mako guda kana amfani da kayanka yadda ka saba, da wayar ko rediyon da ka saba jonawa, ka yi alama uku da fensir: inda kake sauraro da dare, inda kake barinsa da rana, da iyakar inda ka taɓa kai shi ranar da gida ya cika da baƙi.

Daga nan zare filogi daga bango. Manyan kafasitocin wuta suna riƙe caji bayan an kashe, don haka ka auna su da mita ka ga sun sauke kafin ka sa hannu. Idan amfilifayar mai bawul ce, irin ta da mai kwalaben gilas, abin ya wuce wasa, akwai ɗaruruwan bolt a ciki. Cire wayoyi uku na ɓangare guda, hagu ko dama, daga jikin bolum ɗin, domin idan suna jone sauran da'irar za ta ruɗa awon. Auna tsakanin ƙafafun gefe biyu, wannan ita ce jimlar turjiyarsa. Sai ka kai hular kan kowace alama, ka auna tsakanin ƙafar tsakiya da wadda ke zuwa giraun, wato layin sifili da duk da'irar ke komawa gare shi.

A ce jimlar om 10,000 ce, alamar dare ta ba ka om 60, ta rana 400, ta iyaka 1,600. Raba kowace da jimlar, ka sami 0.006, 0.04 da 0.16. Ma'ana ko ranar baƙi, kashi 16 cikin ɗari na siginar kaɗai ka taɓa bari ya wuce. Mafi yawan masu gwada wannan sukan yi mamakin yadda rabin bolum na sama yake zaman banza.

Ɗan lissafin desibel

Kunne ba ya ƙidaya da tarawa, da ninki yake ji. Shi ya sa ake auna ƙara da desibel, ana rubuta dB. Abin da kake bukata ka riƙe kaɗan ne. Idan aka rage siginar zuwa rabi, an sauka dB 6. Zuwa kashi ɗaya cikin goma, dB 20. Ɗaya cikin ɗari, dB 40. Ɗaya cikin dubu, dB 60. Alamar ragi a gaban lambar tana nufin ƙasa da cikakkiyar sigina, ita kuwa cikakkiyar ita ce 0.

A kalkuletar waya, danna log na adadin da ka samu ka ninka da 20. Misalinmu na sama zai ba ka kusan -44, -28 da -16. Ga komawa baya kuma: raba dB ɗin da 20, ka ɗaga 10 zuwa wannan adadin. In ba ka son wannan duka, akwai hanyar ninki: kowane hawa na dB 2 ninkawa ne da 1.26, na dB 3 da 1.41, na dB 4 da 1.58, na dB 6 da 2.

Tazarar dB 1 da kyar kunne ke kama ta. Ta 2 tana da laushi, ta 3 zuwa 4 ana jin ta amma ana zama da ita lafiya, ta 6 tsalle ce. To da yake hawa 12 ba su da yawa, sai ka yi rowar su: ka matse tazara a inda kake yini, ka sake ta a can ƙasa da can sama inda wucewa kawai kake yi.

Zaɓen makunni

Wanda ya fi samuwa a shagunan kayan gyaran rediyo shi ne mai ƙafafu 12 a kewaye, kowace murɗa digiri 30. Amma lura da tsakiyarsa. Wani ƙafar tsakiya ɗaya gare shi, hawa 12. Wani biyu, hawa 6 kowace. Akwai mai uku da mai huɗu. Mai biyun yana ruɗar mutane don suna ganin ya dace da sitiriyo, alhali hawa 6 bai isa bolum ba. Abin da kake nema ɗayan biyu ne: ko makunni mai faifai biyu a sanda guda, kowane faifai da hawa 12 nasa, ko makunni biyu masu hawa 12, ɗaya na hagu ɗaya na dama. Wannan na biyun ba abin raini ba ne. Hannu biyu za ka riƙa sa wa, amma ka sami damar ɗaga gefe guda idan lasifika ɗaya ta fi nisa da wurin zamanka. Ga amfilifayar masallaci ko ta makaranta, wadda layi ɗaya ce, makunni guda ya wadatar, kuma ladan zai san cewa daga hawa kaza lasifika ke fara kuka, ya tsaya kafin nan.

Masu hawa 24, digiri 15 kowace murɗa, su ne na manya. Elma na Suwizalan da Seiden na Jafan sun yi suna a nan, Grayhill na Amurka ma na ƙera nagartattu, Lorlin na Ingila kuma shi aka sani da ƙananan masu 12. Tsofaffin na'urorin awo da rediyoyin da suka mutu sukan ɓoye makunni mai kyau a cikinsu, in ka yi sa'a. Sai dai kada ka ɗauko na regiletar fanka, an yi shi don wutar gida ne, bakinsa ba ya riƙe ƙaramar sigina da tsabta.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci a makunnin. Iri biyu ne wajen yadda harshe ke tsallakawa. Akwai mai kama ƙafar gaba kafin ya saki ta baya, a takardar masu sayarwa ana rubuta masa MBB. Akwai mai saki kafin ya kama, shi ne BBM. Na farkon kake so. Mai shago ba lallai ya san bambancin ba, don haka je da mitarka. Sa ta a wurin da take ƙara idan waya ta haɗu, ɗora tsinkayenta a ƙafafu biyu maƙwabta, ka murɗa a hankali daga ɗaya zuwa ɗayar kana riƙe sandar kada ta faɗa da kanta. Idan mitar ta yi ɗan kuka a tsakiyar tafiya, ka samu. Idan shiru, mai saki ne.

Tsari uku, da wanda za mu bi

Na farko jeri ne: rizistoci a ɗaure da juna kamar carbi, daga ƙafa zuwa ƙafa, sigina ta shiga ta sama, ƙasan ya tafi giraun, harshe ya ɗebi sauti a inda ya tsaya. Wannan shi ne ainihin bolum na gama-gari da aka yanka gunduwa-gunduwa, kuma turjiyar da na'urarka ke gani ba ta canzawa. Hawa 12 na cin rizista 11 a kowane ɓangare.

Na biyu, rizista ɗaya tsayayya ce a kan hanyar sigina, makunnin kuma yana zaɓen wadda za ta zubar da saura zuwa giraun. Yana da masoya, don sigina ba ta ratsa liƙi da yawa. Amma idan aka haɗa shi da makunni mai saki kafin kamu, a ɗan lokacin da harshe ke sama babu abin da ke zubar da siginar, sai cikakkiyar ƙara ta daki lasifika a kowace murɗa. Ƙananan lasifikun tirebul ba sa jure wannan.

Na uku tsani ne, kowane hawa da rizistocinsa biyu na kansa. Yana bukatar faifai huɗu a sitiriyo, kuma mai hawa 24 yana cin rizista sama da 90. A bar shi sai hannu ya faɗa.

Jerin za mu yi. Ya fi sauƙi, ya fi yafiya, kuma idan liƙinka mai kyau ne ba za ka ji ya gaza sauran ba.

Jimlar om nawa?

Ga kayan zamani, wayar hannu, kwamfuta, na'urar faifan CD wadda ke fitar da kusan bolt 2, om 10,000 ya dace. Dalilin da ya sa ba na son 100,000 a nan shi ne wayar da ke ɗaukar sauti daga bolum ɗin. Bolum yana nuna wa abin da ke gabansa turjiya mafi yawa a -6 dB, kuma rubu'in jimlarsa ce: 2,500 ga mai 10,000, amma 25,000 ga mai 100,000. Wayar sauti mai sulke kuwa tana da ɗabi'ar kafasita, kusan pikofarad 100 a kowace mita. Haɗa om 25,000 da waya mai tsawon mita 3, siraran sautuka za su sauka da dB 3 a wajen Hz 21,000 (Hz shi ne ma'aunin kaifin sauti), kuma dusashewar tana farawa tun kafin nan. Da 2,500 matsalar ba ta ma taso ba. Mai 50,000 ko 100,000 na da'irar bawul ne, wadda ba ta son a ɗora mata kaya.

Duba kuma ƙofar amfilifayarka, wato inda sigina ke shiga cikinta. Ana so turjiyarta ta kai kamar ninki goma na 2,500 ɗin, ko fiye. Allunan amfilifaya masu guntun TPA3116 da suka cika kasuwa misali ne mai kyau: turjiyar ƙofar guntun tana bin ƙarfin ɗaga sautin da aka saita masa, kusan om 60,000 a dB 20, 30,000 a 26, 15,000 a 32, sai 9,000 kacal a 36. A wannan na ƙarshen, hawa na 11 na tsarin da ke tafe zai faɗi da kusan dB 2 ƙasa da lissafinka. Hagu da dama za su faɗi tare, don haka daidaito bai lalace ba, kuma hawan ƙasa kusan ba sa motsi. Amma gara ka sani tun yanzu.

Rizistocin

Ga tsarin da ya dace da misalin awonmu. Hawa na 1 shiru ne. Daga nan -48, -42, -36, -32, -28, -24, -20, -16, -12, -6, sai 0 a hawa na 12. Turjiyar kowane hawa zuwa giraun ita ce 10,000 sau kason siginar wurin, rizistar da ke tsakanin ƙafa biyu kuma ita ce bambancinsu. Bayan an karkata su zuwa lambobin da ake sayarwa, ga abin da ya fito:

Ƙafa 1 zuwa 2: om 39
Ƙafa 2 zuwa 3: om 39
Ƙafa 3 zuwa 4: om 82
Ƙafa 4 zuwa 5: om 91
Ƙafa 5 zuwa 6: om 150
Ƙafa 6 zuwa 7: om 240
Ƙafa 7 zuwa 8: om 360
Ƙafa 8 zuwa 9: om 560
Ƙafa 9 zuwa 10: om 910
Ƙafa 10 zuwa 11: om 2,400
Ƙafa 11 zuwa 12: om 5,100

Jimla om 9,971, kuma babu hawan da ya kauce wa abin da aka nufa da fiye da rubu'in desibel. Mai son 50,000 ya ninka kowace da 5, mai son 100,000 da 10.

Idan awonka ya nuna ba ka taɓa wuce -16 ba, akwai dabarar da na fi so. Sadaukar da saman gaba ɗaya. Sa rizistar om 7,500 a gaban ƙafa ta 12, jerin da ke ƙasa ya zama 2,500, sai hawa na 12 ya tsaya a -12. Yanzu hawa 11 ɗinka za su bazu daga -12 zuwa -42 da tazarar dB 3 kacal. Fara daga 2,500 ka riƙa rabawa da 1.41, za ka sami turjiyar kowane hawa. Ƙari a kan haka, yaro ko baƙo ba zai iya ƙure maka lasifika ba.

Sayi masu fatar ƙarfe na kashi 1 cikin ɗari, rubu'in wat, yawanci shuɗɗa ne masu zobe biyar. Ko da biyu sun kauce iyakar kaucewa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, bambancin bai kai dB 0.2 ba. Idan na kashi 5 kaɗai ka samu, sayi goma-goma ka tace da mita, ka haɗa tagwaye masu awo ɗaya, guda ta hagu guda ta dama. Ba dole su dace da lambar takarda ba, dacewa da juna ita ce bukata. Wajen auna ƙanana irin 39, fara haɗa tsinkayen mitar da juna ka ga abin da wayoyinta ke ci, ka cire shi daga awon.

Lambar da ta ɓace a kasuwa sai ka haɗa ta da biyu a jere: 120 da 120 su ba ka 240, 180 da 180 su ba ka 360, 1,200 biyu su ba ka 2,400, 4,700 da 390 su tsaya wa 5,100, 820 da 100 su tsaya wa 910. Duk abin da ka yi wa hagu, yi wa dama irinsa sak. Kuma kada ka dogara da launin zobe a hasken fitila, ja da ruwan ƙasa sukan rikiɗe a kan shuɗi. Ni takarda nake shimfiɗawa, in ja layi 11, in manna kowaɗanne tagwaye a layinsu da salatif, in rubuta awonsu a gefe.

Liƙi

Kafin ƙarfen liƙi ya yi zafi, gano ƙafafun. Murɗa sandar hagu har ta tsaya, nemo da mita ƙafar da ke haɗe da ta tsakiya, ita ce ta 1. Ɗiga mata alama. Murɗa dama sau ɗaya, ka sami ta 2. Kada ka yi wannan da ido, domin ta baya kake kallon makunnin, komai a juye yake, kuma mutane da yawa sun gama aiki tsaf suka tarar bolum ɗinsu na ƙaruwa ta hagu. Idan sandar ta tsaya kafin hawa 12, kwance noti, akwai wani ɗan zobe mai haƙori a ƙarƙashinsa da ke iyakance tafiya. Cire shi ko ka mayar da haƙorin ramin ƙarshe.

Kafa makunnin a jikin katako ko kwali mai kauri, ƙafafu sama. Lanƙwasa wayoyin kowace rizista kusa da jikinta amma ba dab ba, ka bar kamar milimita 2. Kowace ƙafa daga 2 zuwa 11 za ta karɓi waya biyu, ƙarshen rizistar baya da farkon ta gaba, don haka zura su biyun tukuna sannan ka liƙe sau ɗaya. Ramukan sun yi kusa da juna, sai ka tsayar da rizistocin a tsaye suna kallon waje kamar haƙoran mataji, ko ka yi ɗaya sama ɗaya ƙasa. Babbar doka ita ce kada wayar wata ta taɓa ta maƙwabciyarta.

Dalma siririya mai man liƙi a cikinta kake so, irin 60/40. Man liƙin masu gyaran famfo yana da asid, zai ci ƙafafun a hankali. Taɓa bakin ƙarfen a ƙafa da waya tare, kawo dalma, daƙiƙa biyu zuwa uku ka ɗaga. Wannan gaggawar tana da dalili. Jikin ƙananan makunnan roba ne, idan ƙafa ta yi zafi da yawa sai ta saki a mazauninta ta ɗan karkace, daga nan harshe ba zai ƙara kama ta da kyau ba, hawan ya riƙa ɗaukewa. Ka liƙa ɗaya, ka tsallaka can nesa ka liƙa wata, ka dawo bayan ta huce. Riƙe makunnin a ɗan karkace don kada man liƙi ya gangara ciki inda harshe ke bi. Liƙi mai kyau yana sheƙi, ya kwanta luf. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo ya yi fari-fari, sake shi. Idan faifai biyu ne, fara da na kusa da sanda, in ba haka ba na waje zai tare maka hanya. Da ka gama, yanke rarar wayoyi, goge da burushi da ɗan sifirit, ka wanke hannu don dalma na da gubar da ba a so ta kai baki.

Gwaji da batir kafin a jona

Mita mai araha ba ta iya karanta ƙaramar siginar sauti, amma tana karanta batir da kyau, kuma rizista ba ruwanta da bambancin. Ɗauki batirin tocila mai bolt 1.5, auna shi tukuna don sabo yakan ɗan haura. Jona kansa a ƙafa ta 12, gindinsa a ƙafa ta 1. Baƙin tsinken mita a ƙafa ta 1, ja a ƙafar tsakiya. A wannan lokaci makunnin ba ya jone da amfilifaya ko kaɗan.

A hawa na 1 sifili za ka gani. Na 2 kusan milibolt 5.9, na 8 kusan 150, na 11 kusan 730, na 12 batirin gaba ɗaya. Rubuta duka goma sha biyun, ka maimaita a ɗaya ɓangaren, ka jera su gefe da gefe. Lambobi su riƙa hawa ba komawa baya, kuma hagu da dama kada su bambanta da fiye da kashi 2 cikin ɗari. Hawa biyu masu awo ɗaya na nufin dalma ta haɗe ƙafafunsu. Idan hawan ƙasa duk sifili ne, na sama duk batir cikakke, jerin ya yanke a daidai inda awon ya yi tsalle. Jijjiga sandar kaɗan a kowane hawa kana kallon mita, lambar da ke rawa tana nuna ƙafar da zafi ya sassauta.

Sakawa a akwati

Wayoyi uku ne a kowane ɓangare, daidai da na tsohon bolum: mai kawo sigina zuwa ƙafa ta 12, giraun zuwa ta 1, ƙafar tsakiya zuwa ƙofar amfilifaya. Idan allonka ya zo da bolum a jikinsa, cire shi ka yi amfani da ramukansa, amma tabbatar da mita wane rami ne giraun. Yi amfani da waya mai sulke, gajera iyakar iyawa, ka nisanta ta da taransifoma da wayoyin wuta. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. Jikin ƙarfen makunnin ya taɓa akwatin ƙarfe, in akwai fenti a kankare shi a ƙarƙashin noti. Akwatin katako ko roba kuwa, ja waya daga jikin makunnin zuwa giraun, in ba haka ba duk sanda ka kai hannu za ka ji gurnani. Akwai ɗan haƙori a fuskar makunnin da ke hana shi juyawa, huda masa ƙaramin raminsa. Makunni ya fi bolum tauri, in babu haƙorin wata rana zai juya gaba ɗaya ya tsinke wayoyi. Hula mai faɗi ta fi daɗin murɗawa.

Kunnawar farko a hawa na 1, da tsohuwar lasifikar da ba ka jin asararta. Hau ɗaya-ɗaya.

Idan kana jin ɗas a lasifika duk murɗawa, ko da babu abin da ke kunne, to akwai tsayayyar wuta da ke ratsa jerin. Ko daga na'urar da ka jona take zuwa, ko daga ƙofar amfilifayar. Sa kafasita a gaban ƙafa ta 12, mikrofarad 2.2 zuwa 4.7, mai fatar roba in ka samu. Da om 10,000, mai 2.2 tana fara yanke sauti a wajen Hz 7, mai 4.7 a ƙasa da Hz 4, duk can ƙarƙashin abin da kunne ke ji, don haka bes ɗinka na nan. Mai mikrofarad 1 tana kai yankan Hz 16, ta ɗan matso kusa. In ɗas ɗin bai tafi ba, duba ko akwai kafasita tsakanin ƙafar tsakiya da guntun amfilifayar, in babu ka sa.

Wanda bai sami komai ba sai makunni mai saki kafin kamu, a tsarin jeri yana iya lallaɓawa. Liƙa rizistar om 220,000 daga ƙafar tsakiya zuwa giraun, don kada ƙofar amfilifaya ta zauna a sake lokacin da harshe ke sama. Sauti zai riƙa ɗan ƙiftawa tsakanin hawa, amma ba zai yi tsawa ba.

Ka yi mako guda da shi kafin ka taɓa komai. Idan ka ga kullum kana kai-komo tsakanin hawa biyu, ɗaya ya yi ƙasa ɗaya ya yi yawa, ba sai ka warware aikin duka ba. Rizista biyu da ke gefen ƙafar kaɗai za ka canza, ka bar jimlarsu kusan yadda take. A ce hawa na 6 ya ɗan yi maka yawa: cire 150 da 240 da ke gefensa, sa 100 a ƙasa da 300 a sama. Zai sauka da desibel ɗaya da ɗan kai, sauran hawan kuma ba za su motsa yadda kunne zai ji ba. Yi wa ɓangarorin biyu tare, ka sake gwajin batir, sannan ka gyara lambobin a takardar nan mai layi 11, ka manna ta a cikin murfin akwatin.